Akwatin Baba yana ƙarƙashin gadona, 'yan'uwana ba su sani ba

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ce auta a gidanmu, shekarata 46, ina koyarwa a wata firamare a Zariya. Mahaifinmu ya rasu mako uku da suka wuce. A ƙiyasinmu ya kai shekara ɗari, ko ya kusa. Tsohon soja ne, yana cikin waɗanda Turawa suka kai yaƙin Bama. Da ya dawo sai ya kama sana'ar kafinta, da ita ya ciyar da gida, da ita ya aurar da mu, har ƙarfi ya ƙare ya bar shagon a hannun yaron da ya koya wa aiki, wanda yanzu shi ma ya yi furfura. Mu goma sha ɗaya ya bari, maza shida mata biyar, sai mahaifiyata, ita kaɗai ta rage cikin matansa.

Yaya Babba, wanda ya haura saba'in, ya ce a sayar da shago da duk abin da ke ciki a raba gado. Da na ce ina so in rubuta tarihin Baba don jikoki, sai ya dube ni ya ce, “Ke ba ki san shi ba,” ya tashi ya fita. Wani yayana kuma ya ce ba za a yi taron arba'in ba, ba za a rataye hoto ba, kuma yaƙin Nasara ba abin alfahari ba ne da za a rubuta. Akwai wani akwatin katako da Baba ya yi da hannunsa. A ciki akwai zartonsa da guduma da kurfi, da lambobin yabo uku, da littafin sallamarsa daga soja, da hoto ɗaya, da wani littafi da yake rubuta awo da sunayen masu aiki da ajami. Daren sadakar uku na ɗauke shi na kai gidana, ban gaya wa kowa ba. Abin da ya fi ci mini rai, Hajiya, sau nawa yakan fara ba ni labari ina sauri, in ce “Baba sai na dawo.” Yanzu babu shi. Me zan yi don kada a manta da shi, kuma kada zumuncinmu ya lalace?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Mako uku a rashin uba kamar jiya ne, ko da kuwa ya shekara ɗari. Mutane za su ce miki ai ya sha miya, ai ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, kuma gaskiya suka faɗa, amma wanda ya daɗe tare da ke shi ne tafiyarsa ta fi barin gurbi. Ki yi kukanki, ba laifi ba ne.

Wannan “sai na dawo” da ke hana ki barci, ban taɓa ganin wanda ya rasa tsohonsa bai da irin tasa ba. Kina da aji da ke jiranki, kina da miji da yara, kuma tsoho yakan maimaita labari har mai sauraro ya ɗauka kullum zai same shi. Amma ina da tabbacin kin riƙe fiye da yadda kike zato. Yau da dare ki ɗauki sabon littafi ki rubuta duk guntun da ya zo miki, ko da rabin zance ne: sunan wani abokinsa, ruwan sama da ya ce ba ya ɗaukewa, abin da ya ce sun ci a jirgin ruwa, yadda yake riƙe ƙusa a baki yana magana. Kada ki damu da jeri. Su za su riƙa jawo junansu.

Sai maganar akwati, kuma a nan zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Tun daga lokacin da ran Baba ya fita, akwatin nan ya zama na magada goma sha biyu. Na san soyayya ce ta sa kika ɗauka, da tsoron kada a kai zarton da ya ciyar da ku wurin 'yan gwangwan. Duk da haka, ranar da aka gano, babu wanda zai kira shi soyayya. Za a ce auta ta fara kwasar gado tun ba a share makoki ba, kuma wannan maganar za ta taɓa mahaifiyarki, tunda ɗakinku ɗaya, alhali ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Kada ki bari wani ya riga ki faɗa. Cikin makon nan ki je wurin Yaya Babba da kanki, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce masa, “Yaya, na yi kuskure. Akwatin Baba yana wurina, tsoro ya sa na ɗauka. Ga shi, a sa shi cikin lissafi.” Iyakarta ke nan, kada ki tsaya kare kanki.

Bayan haka ki nemi akwatin ta ƙofar da shari'a ta buɗe. Idan aka biya bashi, aka zartar da wasiyya in akwai, mahaifiyarki tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, saboda akwai 'ya'ya. Abin da ya rage za a kasa shi kashi 17, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Ki roƙi malamin da zai raba ya sa masu sana'ar su yi wa kayan aikin kuɗi, a cire daga rabonki a ba ki su. Tsohon zarto da kurfi ba za su yi tsadar da za ta fi ƙarfinki ba. Lambobin yabo da takardu kuma ki ba da shawarar a bar su amanar gida gaba ɗaya, da yardar kowa, a rubuta wanda zai ajiye. In Yaya ya ce a wurinsa za su zauna, ki yarda, ki ɗauki hotonsu da waya shafi-shafi. Littafin ajamin nan ma dole ya fito kafin rabo, don a irinsa ne kafinta ke rubuta wanda ya ba da kafin alƙalami bai karɓi aiki ba, da wanda ya karɓi aiki bai cika kuɗi ba. Wataƙila akwai haƙƙin wani a ciki da ya kamata a sauke wa Baba.

Yanzu mu zo kan maganar da ta fi kowace nauyi a wasiƙarki: “Ke ba ki san shi ba.” Na daɗe ina juya ta. Ina jin Yaya gaskiya ya faɗa, ko da ya faɗe ta da zafi. Ke kin buɗe ido kin ga dattijo mai shekara hamsin da ɗoriya, wanda duniya ta riga ta tausasa, ke ce shalelensa. Shi kuwa an haife shi 'yan shekaru bayan dawowar Baba daga daji, lokacin da yake saurayi mai jini a jika, ga talauci, ga abin da ido ya gani a yaƙi ba a da wanda za a gaya wa. Ga kuma kunyar ɗan fari irin tamu, wadda ke hana uba kiran sunan ɗansa, balle ya zaunar da shi ya yi masa hira. Da yawa daga cikin mazan jiya sun dawo da firgita cikin barci da saurin fushi da horo irin na bariki. A yau likitoci sun san wannan ciwo ne da yaƙi ke bari a zuciya, a wancan zamani sai dai a ce wane ya dawo da zafin kai. Ban ce haka Baba ya yi ba, ban san gidanku ba. Amma in dattijo mai shekara saba'in ya kasa zama a inda ake yabon mahaifinsa, akwai abin da ke cikinsa da bai taɓa samun wurin ajiyewa ba.

Don haka kada ki je masa da niyyar ki gyara masa tunani. Ki je da roƙo. Bayan an kwana biyu da maganar akwati, ki same shi shi kaɗai, ba a gaban matansa ko ƙannensa ba, ki ce, “Yaya, ka ce ban san Baba ba, kuma haka ne. Kai ka riga mu saninsa da kusan shekara talatin. Ka sanar da ni.” Sannan ki yi shiru. In ya faɗi abin da ya yi miki ɗaci, kada ki ce “ai Baba ba zai yi haka ba.” Ki saurara har ya gama. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, kuma ba zagi nake kiran ku gare shi ba. Ɗa ya gaya wa ƙanwarsa abin da ya sha, a ɓoye, don zuciyarsa ta sauka ya iya yafewa, wannan wani abu ne daban, kuma ina ganin yafiyar Yaya za ta fi amfanar Baba a inda yake fiye da littafi mai shafi ɗari. Abin da ya gaya miki ba lallai ya shiga takarda ba. Ki tambaye shi wanne ya yarda a rubuta. In kuma ya ƙi magana sam, ki ƙyale shi, ki ci gaba da gaisuwa da aike. Ki kuma tuna yana iya yiwuwa matsin rayuwa ne kawai ke sa shi gaggawar rabo. Mai iyali da ya tsufa yana da haƙƙin ya karɓi rabonsa ba tare da an ɗauke shi mara tausayi ba, kuma jinkirta gado ba gaira ba dalili shi ne ya fi raba gidaje.

Ɗaya yayan naki kuwa, ki raba maganganunsa uku, don ba nauyinsu ɗaya ba. Taron arba'in malamai sun daɗe suna saɓani a kansa, kin san yadda abin yake tsakanin 'yan Izala da 'yan ɗariƙa a kowace unguwa. Ba ke za ki warware shi a tsakar gidanku ba, kuma burinki bai rataya a kansa ba. Abin da babu mai musu a kai shi ne hadisin da ke cikin Sahihu Muslim: in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ki tsaya a nan, za ki same shi a gefenki. Hoto ma haka: kada ki dage sai an rataye a bango. A ajiye shi a ambulan, kowa ya samu kwafi a wayarsa.

Ta ukun ce ba zan bar masa ba, wato cewa tarihin Baba abin kunya ne. Ki gaya masa cikin ladabi cewa in lissafinku daidai ne, yaro ne da bai kai ashirin ba lokacin da aka tafi da shi. A shekarun nan Turawa ta hannun sarakuna da hakimai suke neman mutane, wasu sun shiga da ƙafarsu don albashi, wasu kuwa nuna su aka yi, babu damar cewa a'a. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tashi zuwa Indiya a 1943, ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944, cikin dajin da mota ba ta shiga, sai dai a jefo musu abinci daga jirgin sama, sauran kaya kuwa a ka ake ɗauka. Runduna ta 82 ta biyo baya, aka kama Myohaung a Janairun 1945. Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, amma da yawansu sai 1946 suka ga gida, aka sallame su da kuɗin da bai kai na Baturen soja ba. Wasu suna can a binne a ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, iyayensu ba su ga gawarsu ba. Ke da kike Zariya, barikin Chindit da kike wucewa sunan wata runduna ce ta wannan yaƙin, wadda bataliya uku ta 'yan Nijeriya suka yi aiki a cikinta a 1944. Dalet da Kalapanzin na Kaduna, da Dodan na Legas, duk sunayen wurare ne a Bama. Sunayen wuraren sun zauna a allunan bariki, sunayen yaran da suka taka wuraren kuwa ba kowa ya riƙe ba sai 'ya'yansu. Rubuta abin da ya sami mahaifinku ba yabon mulkin mallaka ba ne. Hukuncin niyyarsa na Allah ne. Kuma ki tuna masa yaƙin bai fi 'yan shekaru ba, sauran kusan tamanin ɗin a bakin benci ya yi su yana neman halal, a sana'ar da hadisi ya tabbatar ita ce ta Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Littafin sallamar nan shi ne mabuɗinki. Ki duba lambarsa ta soja da bataliyarsa da ranar shiga da ta fita. In cikin lambobin akwai tauraro mai tsini shida da ƙyalle mai ja a tsakiya, da shuɗi da ruwan lemo a gefe, wannan shi ne Tauraron Bama. Da waɗannan za ki iya zuwa ofishin ƙungiyar mazan jiya ta jiha ki yi tambaya, ko Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ko ki nemi wani malami a sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, tunda ga ta a ƙofarki. Ki je da kwafi, asalin ya zauna a gida. Kada ki liƙa wa takardun salatif, kada ki kai a manne su cikin leda da zafi, kada ki goge lambobin da toka ko lemun tsami don su yi ƙyalli. Ki sa su a wuri busasshe, ba a ƙasa ba, inda gara da damshin damina ba za su kai ba.

Akwai mutum biyu da kika ambata a gurguje, su kuwa suka fi kowa buƙatar a dube su. Ta farko mahaifiyarki. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma a ɗakin mijinta za ta yi ta, saboda haka duk wata maganar sayarwa da ta shafi gidan zama sai ta jira. Kada ki mayar da ita majiyar labari tun yanzu, ki je mata da waya a kunne kina jero tambaya. Ki je ki zauna, ki taya ta tsintar shinkafa, ki yi mata kitso. Macen da ta shekara kusan hamsin da mutum, da kanta za ta fara: “Malam dai ba ya cin tuwo sai da man shanu.” In ta fara, ki bi ta a hankali. Daga baya kya nemi izininta ki naɗi muryarta. Kada kuma ki manta da marigayan kishiyoyinta. Tarihin da ya ambaci ɗaki ɗaya ya tsallake sauran zai ƙara wa Yaya tabbacin cewa ba uban kowa ake rubutawa ba, na auta ne.

Na biyu shi ne mutumin shago. Ba magaji ba ne, ba shi da ko ƙusa a shari'a, amma in aka sayar da wurin a kansa rana ɗaya an tozarta amanar Baba. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa haɗuwa da wani baƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Da aka ce masa ai abu kaɗan ma ya ishi irin waɗannan, sai ya ce mahaifin mutumin nan masoyin Umar ne, kuma ya ji Annabi yana cewa mafi girman biyayya shi ne ɗa ya sadar da zumuncin masoyan mahaifinsa. Ki kai wa yayyenki wannan, musamman mai maganar sunna. Shawarar da za ki gabatar mai sauƙi ce: in za a sayar, a fara yi masa tayi a kan farashin da masana suka yanka, a ba shi lokaci ya biya kashi-kashi. In ba zai iya ba, a ba shi haya na shekara ɗaya ko biyu, kuɗin hayar a raba wa magada. In kuma dole sai an sayar wa wani, a sanar da shi da wuri, waɗanda suka ga dama cikinku su bar masa benci da manyan kayan aiki daga rabonsu. Ilimin da ake amfana da shi ɗin nan da hadisi ya faɗa, ga shi nan a hannun wannan bawan Allah da yaran da shi ma ya koya wa.

Shi ne kuma zai karanta miki littafin ajami, don ya san laƙabin kowa da ke ciki. Ku ɗauki Asabar guda ku bi sunayen. Za ki tarar da ƙyauren da Baba ya kafa tun kafin a haife ki yana nan yana buɗewa, da gadon amaryar da yanzu kaka ce, da tagogin wani masallaci, wataƙila har makarar unguwa. Ki ɗauki hoton kowanne, ki tambayi masu gidan yadda aka yi cinikin. Kada ki ce musu “wane irin mutum ne,” don amsar ɗaya ce, mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Ki ce, nawa ya karɓa, ya cika alkawarin rana ko ya saɓa, me ya ce da aka nemi ragi. Nan za ki ji shi da rai. Ki fara da waɗanda suka fi tsufa, don su ma ba jiran ki za su yi ba, kuma wannan ne kaɗai wurin da nake so ki yi gaggawa.

Littafin kansa kada ki ɗora masa buri mai yawa. Shafi ashirin da hotuna, a buga kwafi talatin a raba wa ɗakuna, ya wadatar. Ki ba kowane ɗa da 'ya fili ya faɗi abu ɗaya da bakinsa, a jera daga babba zuwa ƙarama, naki ya zo ƙarshe. In Yaya bai ba da nasa ba, ki bar shafinsa da sunansa kawai, kada ki cike masa. Kafin a kai wurin bugawa ki karanta wa kowa. In kuma kika ga littafin zai ta da ƙura, ki dakata da shi shekara guda, ki adana muryoyin da hotunan a wuri biyu, waya tana ɓata.

Ga wani abu da nake ganin zai haɗa ku duka, har mai ƙin arba'in. Ke malama ce, kin san ajin da yara ke zaune a ƙasa. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a sayi katako, a ba mutumin shago aikin benci goma ko ashirin, a biya shi ladansa cikakke, a kai wata Islamiyya ko firamare da niyyar ladan ya kai ga Baba. Ba sai an rubuta suna a jiki ba. In akwatin ya zama naki kafin lokacin, ki ba shi aron zarton ya yanka katakon farko da shi, ki kuma gayyaci Yaya Babba ya zo ya duba aikin, tunda da wuya a ce ɗan farin kafinta bai taɓa riƙe wa mahaifinsa bakin katako ba.

Amma duk wannan yana bayan mataki ɗaya. Ki jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ki ɗauki hoton abin da ke ciki, ki gaya wa maigidanki ya raka ki ko ya ba ki izini, ki kai shi gidan Yaya kafin Juma'a. Allah ya sanyaya zukatanku, ya kai rahama kabarin Baba da na abokan tafiyarsa da ba su dawo ba. Ki rubuto mini in ji yadda kuka yi da Yaya.